Ciwon Muƙamuƙi Bayan Aikin Haƙori: Ina Alhakin Likita Ya Tsaya?

Ka ɗora yatsa a gaban kowane kunne, dab da ƙofar kunnen, sannan ka buɗe baki a hankali. Za ka ji wani ɗan dunƙulen ƙashi ya juya, ya zame gaba, ya bar gurbi a ƙarƙashin yatsanka. Nan ce gaɓar muƙamuƙi, mahaɗar ƙashin haɓa da ƙoƙon kai. Guda biyu ce, dama da hagu, amma ƙashi ɗaya ya ɗaure su, don haka ɗaya ba ta motsi sai 'yar'uwarta ta motsa. A tsakanin ƙasusuwan akwai ɗan faifan guringuntsi da ke bin motsin yana hana su gugar juna, ga kuma tsokoki huɗu-huɗu a kowane gefe da ke ɗauke da aikin tauna. Bakin babban mutum mai lafiya yakan buɗe kimanin milimita 40 zuwa 50, wato yatsunsa uku a jere su shige tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Ba kasafai ake kaiwa wannan iyaka ba sai a hamma, ita kuwa hamma daƙiƙa kaɗan ce. A kujerar likitan haƙori ana iya riƙe mutum a kusa da iyakar rabin awa, awa guda, wani lokaci fiye, ana danna haɓarsa ana girgiza turmin da ya ƙi fita.

Saboda haka wanda ya wayi gari bayan an cire masa haƙori ya ji muƙamuƙi ya yi tsami, loma ta gagare shi, bai ga wani sabon abu ba. Yawanci kafin mako ya zagayo abin ya wuce. Maganar tana kan wanda nasa bai wuce ba: bakin da ya ƙi buɗuwa mako biyu, leɓen da ya mutu wata uku, gaɓar da ta fara ƙas-ƙas alhali da ba ta yi. Irin wannan mutum idan ya koma asibiti, amsar da ya fi samu ita ce, "Zai warware, ka ci gaba da ruwan ɗumi da gishiri." Ya dawo gida kuma dangi su kasu biyu, masu cewa likitan nan bai san aikinsa ba, da masu cewa ƙaddara ce, a bar wa Allah. Duk su biyun sun yi gaggawar yanke hukunci. Matsala takan auku a hannun gwani kamar yadda take aukuwa a hannun ɗan koyo. Inda alhaki ke hawa wuyan likita shi ne abin da bai bincika ba kafin ya ɗauki ƙarfe, abin da bai faɗa ba, da yadda ya karɓi majinyaci ranar da ya dawo da kuka.

Abin da aka fi gani shi ne sanƙarewar muƙamuƙi, kuma sau da yawa allurar kashe zafi ce sila. Don a kashe turamen ƙasa, likita yakan soka allura can ciki, bayan turmin ƙarshe, yana neman jijiyar da ke shiga cikin ƙashin haɓa. Ba ya ganin jijiyar. Da laluben yatsa da alamomin ƙashi yake aiki. A kan hanyar allurar akwai ɗaya daga cikin tsokokin tauna da ƙananan hanyoyin jini. Idan tsinin ya ratsa tsokar, ko ya huda hanyar jini har jini ya taru a wurin, sai tsokar ta ɗaure. Abin da ke rikita mutane shi ne ba nan take yake bayyana ba. Mutum zai koma gida lafiya lau, sai bayan kwana ɗaya zuwa biyar ko shida ya ga ko cokali da ƙyar yake shiga. Maimaita allura a wuri ɗaya yana ƙara haɗarin. Maganin farko ba shi da tsada: gashi da tsumma mai ɗumi kamar minti 20 sau da yawa a yini, maganin rage zafi da kumburi, abinci mai laushi irin kunu da fate, da motsa baki a hankali, a buɗe, a rufe, a karkata dama da hagu. Wanda ya daina motsa bakin gaba ɗaya don gudun zafi shi ya fi daɗewa, domin tsokar takan warke a takure.

Akwai kuma sanƙarewar da ba ta tsoka ba ce, a nan ne "zai warware" take kashe mutum. Idan an kwana biyu ko uku ana gashi abin sai gaba yake yi, ga zazzaɓi, ga kumburi yana gangarowa ƙarƙashin haɓa, haɗiyar yawu ta zama aiki, harshe ya fara ɗagowa, murya ta sauya, to ƙwayoyin cuta ne suka bi ta gindin haƙorin suka shiga tsakanin naman wuya. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana mafi munin nau'in wannan kumburi a 1836, har yau da sunansa ake kiran ciwon, kuma galibi daga turame biyu na ƙarshe a ƙasa yake tasowa. Yana iya toshe hanyar numfashi cikin sa'o'i kaɗan, musamman ga mai ciwon suga. A daina gashi, a bar kemis, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Sashen gaggawa na babban asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya a Nijeriya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Idan kuwa a kasuwa aka cire haƙorin da ƙarfen da ba a dafa ba, sannan wuya da baya suka fara sanƙarewa tare da bakin, sai a yi tunanin sarƙe-haƙora, shi ma ba ya jira.

Wani ciwon kuma yana kwaikwayon ciwon gaɓa alhali ba ita ba ce. Gudan jinin da ya rufe ramin haƙori ne ya faɗi ko ya narke, ƙashi ya zauna a fili. Yakan taso kwana biyu zuwa huɗu bayan cirewa, da zugi mai hawa har kunne da warin baki, ya fi kama masu shan taba da waɗanda suka yi ta kurkurar baki da ƙarfi a ranar farko. Likita zai wanke ramin ya sa masa magani, yawanci shi ke nan.

Gocewar muƙamuƙi ba ta ɓuya. Dunƙulen ƙashin nan ya zame gaba ya haye ɗan tudun da ke tare shi, tsokoki suka ɗaure a bayansa, baki ya tsaya a buɗe, yawu na dalala, magana ta gagara. Tsohuwar matsala ce ƙwarai. A wani kundin likitancin Masar da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ake kira da sunan Edwin Smith, Ba'amurken da ya saye shi a 1862, an bayyana yadda ake mayar da ita da manyan yatsu a cikin baki da sauran yatsu a ƙarƙashin haɓa, kuma da ɗan gyara kaɗan haka ake yi har gobe. Likitan da ya san abin da yake yi yakan tallafe haɓa da hannu ɗaya yayin da ɗayan ke aiki, ya sa wa majinyaci ɗan toshin roba ya ciza a ɗaya gefen, ya riƙa ba shi hutu ya rufe baki. Duk da haka takan goce, musamman ga masu sakakkiyar gaɓa. Gocewar ba abin zargi ba ce a kanta. Abin zargi shi ne a sallami mutum ba a duba ko haƙoransa sun hau juna yadda suke da ba. Wadda za a mayar a minti biyu a ranar, idan ta yi makonni sai an sa mutum barci, wani lokaci sai an yi tiyata.

Karayar ƙashin haɓa wajen cire haƙori ba ta da yawa ko kaɗan, amma tana faruwa, kuma an san waɗanda ta fi samu: mai turmin ƙarshe da ya nutse can cikin ƙashi, mai manyan shekaru, mai ƙashin da wani ƙari ko ƙurji ya rarake ta ciki. Hoton ƙashi kafin aiki yana nuna yawancin wannan. Idan ya nuna, gwani yakan tsaga haƙorin gida biyu ko uku ya fitar da shi gutsure-gutsure maimakon ya gwada ƙarfi da ƙashi. Mai karatu zai yi mamakin jin cewa da yawa daga cikin irin wannan karaya a gida take aukuwa, a mako na biyu zuwa na huɗu, lokacin da zafi ya tafi mutum ya ga ya warke ya kai wa kilishi ko rake ko ƙashin miya cizo, sai ya ji ƙas. Likitan da ya sassaƙe ƙashi da yawa bai ce a guji abu mai tauri na wasu makonni ba, ya bar rabin aikinsa. Wannan karaya kuma ba ta maɗori ba ce, komai gwanintarsa a hannu da ƙafa. Ana ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya mako huɗu zuwa shida, ko a sa ɗan ƙarfe da kusoshi, domin in ƙashin ya kama a karkace, tauna ta lalace ke nan. A sama kuwa, saiwoyin turame suna dab da kogon iska na kumatu, wani lokaci cirewa takan huda shi, mutum ya kurɓi ruwa ya ga yana fitowa ta hanci. Shi ma abu ne da ake faɗa wa mutum a ranar, a rufe shi da wuri.

Sai jijiya. Wadda ake kashewa da allurar nan tana bi ta wani rami a cikin ƙashin haɓa, ƙarƙashin saiwoyin turame, ta fito ta ba leɓen ƙasa da haɓa ji. Wata tana bi ta gefen harshe. A cire turmin ƙarshe na ƙasa, mutum kaɗan cikin ɗari sukan sami mutuwar leɓe ko harshe na ɗan lokaci, ƙasa da ɗaya cikin ɗari kuma ya zauna musu har abada. Adadin ƙarami ne, amma ka tambayi wanda shayi ke ƙona masa leɓe bai sani ba, ko malamin makarantar da yawu ke zubo masa a gaban ɗalibai. Allura takan saki mutum cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ya kwana ya tashi leɓensa bai dawo ba, ya sanar da likita a ranar, likita kuma ya gwada iyakar wurin da ya mutu, ya rubuta, ya riƙa bibiya. Yawanci ji yakan dawo cikin makonni. Idan aka doshi wata uku babu alamar sauƙi, lokacin tura mutum ga mai tiyatar jijiya ya yi, domin nasarar gyaran tana raguwa da tafiyar watanni. Tun farko ma, idan hoto ya nuna saiwa ta rungumi jijiya, akwai zaɓin a yanke kan haƙorin a bar saiwar a inda take. Majinyaci ba zai zaɓi abin da ba a gaya masa akwai shi ba.

Wurin da gardama ta fi tsanani shi ne ciwon gaɓar kanta mai daɗewa: zugi a gaban kunne, ciwon kai ta gefe, ƙara idan ana tauna, baki ya riƙa maƙalewa. Hukumar binciken lafiyar haƙori ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 12 cikin ɗari na mutane suna da wani nau'i na wannan matsala, kuma ta fi kama mata, kusan ninki biyu. Masu gugar haƙora cikin barci da masu datse baki idan rai ya ɓaci suna cikin sahun gaba. Ke nan mutane da yawa sun zo kujerar likita da gaɓar da ke kan gaɓa, idan an yarda a faɗi haka, dogon buɗe baki ne kawai ya ƙarasa ta. Likitoci sukan fake da wannan su ce "da abinka ka zo", kuma sau da yawa gaskiya suka faɗa. Sai dai wani bincike da Greg Huang da Tessa Rue na Jami'ar Washington suka wallafa a 2006, wanda ya bi bayanan matasa fiye da 34,000 daga shekara 15 zuwa 20, ya nuna waɗanda aka cire wa turmin ƙarshe sun fi sauran haɗarin kamuwa da ciwon gaɓar da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Aikin haƙori yana da hannu, ko da ba shi kaɗai ba.

To wa zai raba gardamar? Fayil. Kafin a fara dogon aiki, minti biyu sun isa likita ya tambayi mutum ko muƙamuƙinsa na ƙara ko ya taɓa maƙalewa, ya taɓa gaɓar, ya auna buɗewar baki, ya rubuta. Wanda ya yi haka ya kare majinyaci, domin zai gajarta zaman ko ya raba aikin gida biyu, ya kuma kare kansa ranar da aka zo da ƙorafi. Wanda bai rubuta komai ba, a ganina, ba shi da bakin cewa da ciwon aka zo.

Wani lokaci abin bai kai haka zurfi ba. Ciko ne ko hular haƙori ta yi tudu, shi ke fara taɓa na sama kafin sauran, mutum ya riƙa karkata baki don ya kauce masa har tsoka ta gaji. A koma a ciza 'yar takarda mai launi, a rage tudun, magana ta ƙare. Amma a bambanta rage cikon da aka sa jiya da goge lafiyayyun haƙora da sunan daidaita cizo. Wannan ɗabi'a tana da tarihi. A 1934 wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a birnin St. Louis na Amurka, James Costen, ya duba majinyata 11 ya ɗora laifin ciwon kunne da muƙamuƙinsu a kan rashin daidaiton cizo. Shekaru gommai, likitocin haƙori suka bi wannan ra'ayi suna goge haƙora suna sa huluna. Daga baya aka shiga tiyata: wani kamfani a Houston mai suna Vitek ya ƙera faifan roba da ake sawa a madadin guringuntsin gaɓar, aka dasa wa dubban mutane, yawancinsu mata. Robar ta riƙa farfashewa a ciki, jiki yana yaƙi da ɓarɓashin yana cinye ƙashi, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a ƙarshen 1990 aka janye shi. A 1996 taron ƙwararru da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka kira ya ba da shawarar a fara da maganin da za a iya janyewa: hutu, gashi, motsa jiki na gaɓar, maganin zafi, robar da ake sawa a baki da dare. Duk wanda ya je da ciwon gaɓa aka ce masa sai an cire wasu haƙoran ko an goge su, ya nemi ra'ayin likita na biyu kafin ya yarda.

Akwai tambayoyin da rashin yin su kaɗai ya isa laifi. A 2003 wani likitan tiyatar muƙamuƙi a Miami, Robert Marx, ya ba da rahoton majinyata 36 da ƙashin muƙamuƙinsu ya mutu ya fito fili, dukkansu suna karɓar wasu magungunan ƙarfafa ƙashi da ake ba masu ciwon daji. Tun daga nan aka san cewa cire haƙori ga mai karɓar irin waɗannan magunguna, kamar yadda aka riga aka sani game da wanda aka taɓa gasa wa ƙari a kai ko wuya da na'ura, yana iya barin ramin da ba zai warke ba. A ƙasarmu sai a ƙara da sikila da ciwon suga, waɗanda ke sa ƙashi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta, da magungunan tsinka jini. Likitan da ya ce "buɗe baki" kafin ya ce "wane magani kike sha, Hajiya?" ya tsallake matakin da ba a tsallakewa, komai tsawon layin da ke jiransa a waje.

A shari'ar boko, ma'aunin da kotunan Nijeriya suka gada daga Ingila ya samo asali ne daga shari'ar Bolam ta 1957: likita bai yi sakaci ba idan ya yi aiki yadda wani rukuni na ƙwararrun abokan sana'arsa masu hankali za su amince da shi. Ba a neman ya zama gwanin gwanaye, ba a kuma ɗora masa alkawarin waraka. Mai ƙara sai ya nuna an kauce wa wannan ma'auni, kuma kaucewar ce ta jawo masa cutar. Wannan na biyun ne ke kayar da yawancin ƙararrakin ciwon gaɓa. A batun bayani kuwa duniya ta matsa gaba. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Montgomery, ta ce ba likitoci ne za su yanke wa kansu abin da ya kamata a faɗa ba. Duk haɗarin da mai hankali a matsayin majinyacin zai ɗauka da muhimmanci, dole a gaya masa, tare da sauran zaɓin da yake da su. Hukuncin bai ɗaure kotunanmu ba, amma dokarmu ta faɗi kusan haka tun kafin nan. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta 2014 ya wajabta a sanar da majinyaci halin da yake ciki, hanyoyin magani da ke akwai, amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙin yarda, kuma gwargwadon iko a harshen da yake ji. Kundin haƙƙoƙin majinyata da aka ƙaddamar a Abuja a 2018 ya nanata hakan.

A auna wannan da abin da aka saba gani: takarda da Turanci, a miƙo wa dattijon da ajami kaɗai yake karantawa ya dangwala yatsa, ko a ba miji ya sa hannu matar na zaune ba a ce mata uffan ba. Wannan takarda shaida ce cewa an miƙa biro. Ba ta nuna an yi bayani ba, ba ta kuma wanke likita daga ganganci ko da an yi.

Masu cewa a bar wa Allah su ma ya kamata su ji abin da malamai suka ce. Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba. Imam Malik a Muwaɗɗa ya kawo misalin mai kaciyar da hannunsa ya zarce ya yi ɓarna, ya ce diyya ta hau, a matsayin kuskure. Ibn al-Ƙayyim ya rarrabe masu magani daki-daki: gwanin da aka ba izini, ya yi aiki bisa ƙa'ida, hannunsa bai kauce ba, babu lamuni a kansa ko da abin ya ɓaci, gwanin da hannunsa ya kauce ya lalata lafiyayyar gaɓa, akwai, jahilin da ya ruɗi mutane kuwa lamuni na kansa, babu ko tantama. Haƙori guda ma an yanka masa diyyar raƙuma biyar, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani. Imani da ƙaddara bai taɓa hana alƙalan Musulunci tambayar yadda aka yi ba. Yafiya alheri ce, amma wanda ya san haƙƙinsa ne yake yafewa.

Majinyaci ma yana da nasa kason. Akwai mai ɓoye maganin da yake sha, da mai fita daga asibiti ya kunna taba, da wanda ya shekara yana ɗiga wa haƙori ruwan batir da turare sai da fuska ta kumbura ya zo yana cewa, "Likita, ni dai a cire in huta." Kotu takan duba wannan ta rage diyya. Amma matsin majinyaci ba ya sauke wa likita nauyi. Idan aikin ya fi ƙarfin kayan aikinsa ko gwanintarsa, turawa gaba ita ce aikin.

Wanda matsala ta same shi ya fara komawa wurin wanda ya yi aikin, ya nemi a duba shi a rubuta abin da aka gani, har da awon buɗewar baki. Ya adana kati da rasidi da hoton ƙashi da kwalayen magani, ya riƙa ɗaukar hoton fuskarsa da na yawan yatsun da ke shiga bakinsa da waya, tunda waya na ajiye kwanan wata. Idan mako biyu sun wuce babu sauƙi, ya nemi takardar turawa ga likitan tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska. Akwai su a asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da Shika a Zariya, da Sakkwato, da Maiduguri, da Jos. Ƙorafi kan ɗabi'ar likita yana zuwa ga Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, MDCN, a rubuce bisa rantsuwa. Kwamitin bincikenta zai duba, in ya ga akwai abin tuhuma ya miƙa wa kotun ladabtarwa, wadda ke iya yin gargaɗi, ko dakatarwa, ko soke suna daga rajista. Ba ta ba da diyya. Wannan sai kotu. A nan ne ake yawan makara, domin akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta taƙaita lokacin shigar da ƙara zuwa wata uku, kuma lauyoyin asibitocin gwamnati sukan kafa hujja da ita. Wata ukun da mutum ya kwashe yana jiran leɓensa ya farfaɗo na iya cinye masa damar gyaran jijiya da damar zuwa kotu a lokaci guda, don haka a ga lauya da wuri ko da ba a yanke shawarar ƙara ba.

Duk waɗannan hanyoyi suna aiki ne a kan wanda ke da suna a rajista. Mai cire haƙori a rumfar kasuwa ko a bayan kemis ba shi da lasisin da za a ƙwace. Abin da yake yi laifi ne a ƙarƙashin dokar likitoci, maganarsa ta 'yan sanda ce, kuma da wuya a same shi da abin biyan diyya. Mai ƙera haƙorin roba yana da tasa hukumar da nasa horon, amma cire turmi ba ya cikin aikinsa, ko da farar riga ya sa. Likitan haƙori na gaskiya yana sabunta lasisinsa a MDCN duk shekara, kuma mai shirin zama a kujerarsa yana da damar ya ce a nuna masa.